Sunan Wadda Ruwa Ya Ci

Liman ya buɗe baki zai raɗa wa jikata suna, sai ƙanina ya dafa shi.

"Malam, dakata. Kada a sa wa jaririyar nan sunan wadda ruwa ya ci. Sunan bai da sa'a."

'Yata yake nufi. A Libiya aka haifa mini ita, inda na shekara ashirin ina dako. Da yaƙi ya ɓarke muka shiga jirgin ruwa ni da ita, jirgin ya nutse da mu.

Na dogara sandata na miƙe. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, amma daga Kurfi har Dutsin-Ma babu majalisar da ba ta san ni ba: tsohon da ya kwana biyu yana iyo a teku, ya fito da ransa. Shekara goma sha uku ina cika baki da labarin nan.

"Kai yaro, ka taɓa ganina ko a bakin dam ɗin Zobe?"

"A'a, Yaya."

"To ban iya iyo ba, ƙarya nake sheƙa muku. Jarka guda ce ta taso tsakanina da 'yata a tekun, kuma ita ta fara kamawa. Ta turo mini, ta ce, 'Baba riƙe, ni na iya.' Ita ma ba ta iya ba."

Na dubi ƙanina, sannan na juya wajen Liman.

"Wannan sunan ne bai da sa'a? Malam, raɗa. Wanda bai so, ya aje mini gorona ya fita."