Baturiya Mai Awartaki

"Kai, tsaya!" Labaran wanzami ya cafke hannun Dosu, ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda kuncinsa ya kumbura suntum. "Yau sai ka gaya mini laifin da na yi muku."

Wata biyu ke nan da Labaran ya baro Djougou ya kafa rumfa a bakin tashar Parakou, yana aski yana cire haƙori. A gwanjon kayan wani Bafaranshe da zai koma gida ya samo tsohon zanen hoton wata Baturiya, riƙe da awartakin da ya danƙo haƙori. Ya ce lallai likita ce, ya rataye ta a ƙofa don talla.

Masu ciwon haƙori kuwa suka yi ta zuwa, yawanci Kiristocin kudu. Sai dai kowa ya durƙusa gaban zanen, ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya tashi ya tafi. Ko ɗaya bai zauna a tabarmarsa ba. Takaici har ya sa ya fara tunanin naɗe kaya.

"Matar zanen nan waliyyiya ce, sunanta Apoloniya," in ji Dosu. "Ta ƙi barin addininta, aka fizge mata haƙora ɗaya bayan ɗaya. Ita muke roƙo ciwon ya lafa."

"To, ni fa? Babu mai cire haƙori a labarin naku?"

Dosu ya dubi hannun da ke riƙe da shi.

"Akwai, Baba Wanzam. Shi ne azzalumin."