Tafiyar Baba Mode Oslo

Baba Mode yana gwada sabuwar rigar sanyi, motar ƙungiyar manoma ta tsaya a ƙofar gidansa a Kwargaba. Wata uku ke nan da aka ce masa rumbun albasar da ya ƙirƙiro ya ci kyauta a Oslo, ƙasar Turawa. Ya yi fasfo, ya yi wa dangi sallama har Goronyo.

Almustapha, jami'in ƙungiyar, ya fito da kyamara.

"Baba, tuɓe wagga, ka sa tsohuwar rigarka ta gona. Turawa sun hi son ta."

Ya sa, aka ɗauke shi hoto.

"To ɗana, yaushe jirginmu ka tashi?"

"Jirginmu? Ai kujera guda anka ba mu, Baba. Ni da hotonka za mu tahi."