Agogon Marigayi Illa

Tun hantsi Attahir ke goge agogai goma sha ɗaya da bakin rigarsa, a kasuwar Lahadi ta Tawa, babu wanda ya taya ko ɗaya. Shekarar fari ce. Mutumin da ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe ba ya tambayar ƙarfe nawa. Ma'aikatan gwamnati kuwa, da soja suka koya wa zuwa aiki kan lokaci, sun riga sun sayi nasu tun bara don tsoro.

Ga shi ranar Juma'a za a ɗaura masa aure da Balkisu. Kawunta ya faɗa masa ƙarara, buhun gero ya shiga gidan kafin Alhamis, ko a fasa. Attahir na son Balkisu tun tana budurwa, tun kafin abokinsa Illa ya riga shi aurenta. Yanzu da ta fita takaba, ba zai bari buhu guda ya sake raba su ba.

Shi ne ma ya kawo mata labarin rasuwar. Tare da Illa suka taso daga Libiya a bayan babbar mota, zazzaɓi ya kwantar da Illa a wata rijiya tsakiyar hamada. Attahir ya girgiza shi sau biyu, bai motsa ba. Direba na sauri, saboda haka Attahir bai tsaya jana'iza ba. Ya dai kwance agogon mamacin don kada ya lalace a banza. Da ya iso gida ya yi kukan da har yau mata ke yabawa a unguwa.

Wajen azahar wani Buzu ya tsuguna gaban tabarmarsa. Dogo ne, ramamme, ya naɗe fuska da rawani sai idanu. Irinsu sun cika gari tun da dabbobinsu suka ƙare, Attahir ya ɗaga hannu zai ce Allah ya ba da haƙuri. Sai ya ga jakar fata a wuyan mutumin, a kumbure.

Nan take Buzu ya zama Alhaji.

Attahir ya miƙa masa mai ruwan zinariya. Mutumin ya ture shi da yatsa. Ya miƙa mai murɗawa kowace safiya, ya rantse daga hannun wani kanar ya fito. Aka ture. Ya kawo mai kukan tsuntsu, wanda ke cin pil, wato batir, kamar yadda jaki ke cin dusa. Baƙon ko kallo bai yi ba.

"Mai cin rana nika so," ya ce, da murya a shaƙe kamar wanda ƙishirwa ta taɓa riƙe wa wuya. "Baƙi, marar ado. Na zuwa aiki."

Attahir ya dafe aljihunsa. Irin wannan guda ɗaya ya taɓa gani a duniya, kuma yana cikin aljihunsa, ƙulle a tsumma. Wata biyar ya yi a cikin gwangwanin madara ƙarƙashin gado, don kada wani ya gani ya kai wa Balkisu. Jiya da ya buɗe ya tarar fuskar agogon fayau, babu lamba ko ɗaya. Ya bi maigidansa, in ji Attahir a ransa, ya kuma ji haushin asarar fiye da yadda ya kamata.

Amma buhun gero buhun gero ne. Ya kwance tsumman.

"Wanga ba na saidawa ba ne, Alhaji. Na amini na ne da ya rasu bisa cinyata. Da bakinai ya ce, Attahir, riƙe agogo, riƙe iyalina."

"Bisa cinyarka?"

"Wallahi. Ni na rufe mai ido."

Har da ɗan hawaye. Ya saba, ba ya masa wuya.

Baƙon ya juya agogon. Bai tambayi dalilin da ya sa ba ya tafiya ba, abin da ya faranta ran Attahir, don ya riga ya shirya ƙarya uku. Maɗaurin na da wata ƙaramar ƙugiya da aka gyara da waya, wadda Attahir ya sha fama da ita har ya karya farce. Mutumin ya buɗe ta da babban yatsa ba tare da ya duba ba. Ya ɗaura a ramin da aka huda da ƙusa, agogon ya zame masa har tsakiyar hannu.

Attahir ya faɗi kuɗin buhu guda da ɗan abin goro. Ba a yi ciniki ba, ba a kuma taɓa jakar ba. Baƙon ya miƙa hannunsa waje da inuwar rumfa, ya bar shi cikin rana.

Attahir ya waiwaya. In mutumin nan ya gane mataccen agogo ake sayar masa, ga jandarma biyu can wajen masu tabarmi, kuma a zamanin nan ba sa tambaya sau biyu. Ya fara bayanin cewa irin wannan agogo sai ya saba da jinin mutum. Yana cikin bayanin ya ga wani baƙin ɗigo ya bayyana a fuskar agogon. Sai lamba. Sai ta fara ƙiftawa.

"Allahu akbar," Attahir ya ce, da gaske wannan karon. "Ya tashi."

"Barci dai ya yi," in ji baƙon. "Matsalarka ke nan tun muna yara. Abu na yin shiru, sai ka ce ya mutu."

Ya sa yatsa ya ja rawanin ƙasa, ga wushiryar nan da duk unguwa ta sani. Illa ya duba agogonsa, ya dubi amininsa, ya tambaya cikin ladabi ƙarfe nawa ne ɗaurin auren matarsa ranar Juma'a, don ba ya son ya makara.