Shanun Inna Basiratu

Layi bakwai suka fito a fuskar kwamfutar. Latifa ta janye hannu, ta sake ƙirga su da yatsa.

Mako uku ke nan da ta fara koyon aiki a biro, wato ofishin wata ƙungiyar makiyaya, a Filinge. Duk saniyar da aka yi wa allura ana maƙala mata lamba a kunne, lambar kuma ta shiga rumbun bayanai. Malam Kailu, mai kula da rumbun, ya nuna mata tablo, wato jadawali, guda uku: na dabbobi, na allura, na masu dabbobi. Ya koya mata tambaya da SELECT, da tace amsa da WHERE. Darasin haɗa tablo da tablo kuwa, sau biyu yana ɗage shi.

Shanun nan bakwai na Inna Basiratu ne, matar marigayi ƙanen babanta. Tun rasuwar mijin, Magagi, baban Latifa, ke kula da su, kuma suna kiwo a hannun wani makiyayi, Hamani. Da damina suka ɓace. Magagi ya yi ta yawon cigiya kasuwa-kasuwa, har katin ɗan ƙasar Latifa ya taɓa ara, ya ce takardar cigiya sai da shaidu biyu. Daga ƙarshe ya kai ƙarar Hamani. Kwanan Hamani biyu a hannun jandarma, yau bayan la'asar za a miƙa shi kotu.

Da hantsi Inna Basiratu ta shigo biron da wata tsohuwar takarda ɗaure a bakin zane, mai ɗauke da lambobin kunnen shanunta. Ta ce shekara goma sha biyar Hamani yana yi wa mijinta kiwo, ko ɗan maraƙi bai taɓa salwanta ba, ita zuciyarta ta ƙi yarda. Latifa ta shigar da lambobin don dai ta kwantar mata da hankali.

Ga su nan duka bakwai. An yi musu allura a Bonkuku, wata biyu bayan ɓatansu. A gurbin mai su babu suna, sai lamba: 2318.

Ta tura Innar ta kira ajudan, jami'in jandarman da ke riƙe da maganar, ita kuma ta buga wa Malam Kailu. Yana Damana, rezon waya na yankewa. Abin da ta iya ji shi ne kar ta taɓa komai sai ya dawo. Tana ajiye wayar ta tuna cewa shi ya jagoranci masu allura a Bonkuku. Nan ta fara zargin sa.

Ta kira babanta ta yi masa albishir. Ya ce ita ɗaliba ce, ta rufe na'urar ta taho gida, ta bar wa manya maganar manya. Ta san halinsa, ko zazzaɓi ta yi ba ya iya cin tuwo. Ta ce masa kar ya damu, ajudan na hanya.

Ana kiran azahar kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Batir ya nuna saura goma sha ɗaya cikin ɗari.

Sunan mai lambar yana cikin tablo na uku, wanda ba a ba ta izinin buɗe shi kai tsaye ba saboda bayanan mutane. Sai dai ta hanyar haɗawa. Ta jawo littafin Malam Kailu daga aljihun tebur, ta laluba har ta sami shafin JOIN. Ta kwafa, ta danna. Jan rubutu ya fito, kuskure. Ta gyara, ta sake. Wannan karon layuka dubbai suka kwararo, kowace saniya an liƙa mata kowane mutum a yankin Kurfai.

Ajudan ya shigo, Inna Basiratu na biye. Ya dubi agogo ya ce minti goma zai ba ta, motar kai Hamani kotu na jiran sa.

Bai gama zama ba sai ga ƙarar babur. Magagi ya shigo, riga jiƙe da gumi, ya gaida ajudan da hannu biyu. Ya ce na'ura kan yi kuskure, kar a shafa wa wani bawan Allah baƙin jini saboda yarinyar da ba ta ƙware ba.

"Latifa, tashi mu tahi," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Don Allah, ɗiyata."

Bai taɓa haɗa ta da Allah ba. Amma ta tuna Hamani zaune a ƙasa bayan ƙyauren jandarma, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, saura kaɗan."

Batir huɗu. Ta ƙura wa shafin ido har ta gano abin da ta tsallake: ba ta faɗa wa na'urar igiyar da ta ɗaure tablolin ba, wato lambar mai dabba ta nan ita ce ta can. Ta rubuta sharaɗin, ta nemi suna da lambar kati da wanda ya kawo dabbobin wurin allura. Tana jin sunan malaminta za ta gani. Ta juya fuskar kwamfutar wajen ajudan, ta danna.

Ajudan ya sunkuya ya karanta. Ya ɗago ya dube ta, ya dubi Magagi da ya jingina da bango, sannan ya tambaye ta cikakken sunanta.

Ta leƙa. Mai shanu: Latifa Magagi, ga lambar katinta ba ko kuskure ɗaya. Wanda ya kawo su: mahaifinta.