Marin Likita

Maƙerin ya tsuguna da sabon marin ƙarfe a hannu, ya kasa ɗaga kai. Tsohon nan da ke zaune a tabarma shi ne likitan da ya ɗauke shi yana saurayi, suka bi asibitin masu taɓin hankali ɗaki-ɗaki suna sare ƙarfe daga ƙafafun mutane. Yanzu asibitin ya zama kango, tsufa kuma ya tafi da hankalin likita.

"Baba, taimaka ka ɗaura masa," in ji ɗan likitan, yana duban maƙerin. "Jiya a tsakiyar titi muka tsinto shi. Wallahi mun gaji."

Maƙerin ya kama ƙafar a hankali. Tsohon ya ga guduma, sai fuskarsa ta washe.

"Yauwa, yarona, ka iso? Wa za mu kwance yau?"