Shirun Malama Uwani

Tun da aka hana malamai shiga aji, muryarsu kawai ake ɗauka a tura wa yara. Ranar Talata Malama Uwani ta je ofishin ɗaukar murya ta saurari darasinta, sai ta ɓata rai.

"Wa ya yanke min shiruna? Bayan kowace tambaya nakan dakata."

"Na'ura ce, Malama," in ji Sabi'u, ma'aikacin wurin. "Doka ta ce shiru ɓata lokaci ne."

"Ɓata lokaci? Mai jin kunya nake jira ya buɗe baki!"

Sabi'u ya leƙa ƙofa, sannan ya mayar da shirun, ɗaya bayan ɗaya.

"Kai, ba za su kore ka ba?"

"Su kora, Malama. Lokacin da nake aji uku, ni kike jira."