Hoto Biyu a Fasfon Kanini

Ranar Laraba Syokau ba ta kwance dila ba. Shekara ashirin da biyu tana sayar da gwanjo a kasuwar Gikomba, ko makon da aka binne mijinta sai da ta leƙa rumfa. Yau kuwa ta ja tamfol ta rufe kaya, ta cusa fasfon 'yarta Kanini a ƙirji, ta hau matatu, motar haya, tana huci.

Abin ya ishe ta. Shekara shida Kanini tana koyar da Turanci a sakandare, amma makarantu goma sha ɗaya a Sifaniya suka ce su wanda ya sha Turanci a nono suke so. To, da wane yare take koya wa 'ya'yan mutane, da na kaji? Da ƙyar wata makaranta a wani ƙaramin gari kusa da Saragosa ta aiko da takardar ɗaukar aiki.

Daga nan aka faɗa wahalar biza. Takardar 'yan sanda, takardar likita, a fassara, a buga hatimi, a kai wani ofishi a buga hatimi a kan hatimin. Kafin wannan ta fito, wa'adin waccan ya ƙare. Sai da Syokau ta sayar da shanun marigayi biyu a Kitui, bayan kwana uku tana ja-in-ja da dillali har ya rantse ya daina ciniki da mace.

Ga shi Litinin mai zuwa ake buɗe makaranta. Sun rubuto cewa in ba ta iso ba za su ba wani.

Ita kuwa yarinyar ko a jikinta. "Masu biza sun ce a jira, Mama, za su kira." Mako biyar ke nan amsar ba ta canza ba, tun ranar da jiri ya kwashe Syokau a rumfa, ta farka a asibiti ta ga Kanini tsaye a kanta da kayan fita, ambulan a hammata, ido jawur. Ta daina bitar Sifaniyanci a bakin murhu. Rigunan sanyin da Syokau ta tsamo mata daga dila mai lamba ɗaya suna nan a leda. Aikinta auna wa Syokau hawan jini safe da yamma da hana gishiri a miya, sai ka ce wani abu ne mutum ya faɗi sau ɗaya. Sun kashe wa yarinya gwiwa, shi ke nan. Ba ta gaji bakin uwarta ba.

Da safe, Kanini na fita aiki, Syokau ta tono fasfon daga ƙarƙashin akwati.

A matatu ta buɗe shi. Karatunta bai wuce sunanta da lambobin kuɗi ba, amma tana da ido. Ga hoton Kanini a gaba, ga wani kuma a tsakiya. Ta ja tsaki. Mutum ɗaya hoto biyu, ɓarnar takarda kawai.

A ƙofar ofishin biza mai gadi ya tare ta.

"Mama, an ba ki rana?"

"Na ba kaina."

"Ai sai an shiga intanet an nema."

"Ɗana, dube ni da kyau. Na yi maka kama da intanet? Takalmin nan naka ma na san dilar da ya fito. Kira min babbanku."

"Babba ba ya nan."

"To ƙaraminku."

'Yan layi suka kwashe da dariya. Ita ko murmushi. Ta shimfiɗa zane a bakin ƙofa ta zauna, ta shiga ba kowa labari da ƙarfi, tun daga makarantu goma sha ɗaya har shanu biyu. Rana ta take. Mai gadi ya roƙa, ya yi barazana, ya sake roƙo.

"Minti goma zan yi," in ji ta.

"Ba zai yiwu ba."

"Biyar."

"Mama, aikina..."

"Uku. Daga nan ba ragi."

Wajen ƙarfe biyu wata ma'aikaciya 'yar ƙasa, mai tabarau, ta leƙo ta 'yar tagar da ke jikin ƙofa. Syokau ta miƙe, ta buga fasfon a kan katako.

"Ku faɗa min laifinta! Baƙar fata ce ko rashin uba? Ta kawo duk abin da kuka ce, har da wanda ba ku ce ba. In ba za ku ba ta ba, ku buɗe baki ku ce ba za ku ba ta ba, mu san inda muka dosa. Yarinya ta rame a gabana, ko barci ba ta yi. Litinin za a ba wani aikinta, ku kuna nan kuna shan sanyi!"

Ma'aikaciyar ta miƙo hannu. Ta buɗe fasfon tana juya shafi, ta tsaya a tsakiya. Ta dubi shafin, ta dubi Syokau, ta cire tabarau.

"Mama, 'yar taki ta san kin zo nan?"

"Izininta zan nema? Ni na haife ta ko ita ta haife ni?"

Matar ta juyo da fasfon, ta ɗora yatsa a kan hoto na biyu, ta rage murya don kada 'yan layi su ji.

"Wannan ita ce bizar, Mama. Mako biyar ke nan da ta zo da kanta ta karɓa. Ban manta ta ba, a nan ta tsaya tana tsalle tana kukan murna, sai wayarta ta yi ƙara aka ce mata mahaifiyarta ta faɗi a kasuwa."